Filin Tambaya da Amsa: Haihuwar Fari da Kwanakin Jego

Tambaya

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya ƙoƙari da mu. Ni mai jego ce, haihuwata ta fari, yau mako biyu ke nan da sauka, kuma ina gidanmu wajen wanka kamar yadda aka saba. Naƙuda ta fara mini da ciwon baya da mara tun bayan isha'i, amma na yi shiru saboda kunyar surukata da ta zo kwana a gidan, sai da asuba faya ta fashe sannan aka kai ni asibiti. Da nas ta duba ni sai ta ce bakin mahaifa bai buɗe sosai ba, na yi ta zagaye a baranda har azahar, daga baya aka sa mini ruwan naƙuda, ban haihu ba sai bayan magariba. An yi mini ƙari an ɗinke, kuma 'yan barka suna cewa ragwantata ce ta jawo, wai da na yi nishi da kyau da ba a taɓa ni ba.

A asibiti an ce in ba yaron nono nan take, amma da muka dawo gida Mama ta ce dakashi ba shi da kyau, ta sa aka matse shi, aka riƙa ba shi zamzam har nono ya kawo. Yanzu ma tana ba shi ruwa da cokali saboda zafin gari. Cibiyarsa ta faɗi, amma ana gasa wurin da tsumma safe da yamma don kada ta yi tsini. Ni kuma ana yi mini wanka da tafasasshen ruwa sau biyu a rana, ga kunun kanwa da ake cewa sai na shanye kwano. Abin da na kasa gaya wa kowa shi ne ina yawan kuka da dare ba tare da dalili ba, kuma wani lokaci idan na kalli yaron ba na jin irin son da ake faɗa. Sannan ƙafafuna har yanzu a kumbure suke, ina tari da dare, kuma ba na iya kwanciya sai na tara matasai. Ba na son in saɓa wa Mama. Ki ba ni shawara.

*Daga wata mai jego a Gusau*

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Zan fara da maganar da kika ajiye a ƙarshe, domin ita ce ba ta jiran gobe, kuma ita ce ta sa na aika miki da saƙo tun ranar da wasiƙarki ta iso cewa ki tafi asibiti. Kumburin ƙafa shi kaɗai a makon farko ba abin tsoro ba ne, musamman ga wadda aka ƙara wa ruwa, saboda jiki yana fitar da shi a hankali ta fitsari da gumi. Amma kumburin da ya ƙi sauka bayan mako biyu, ga tarin dare, ga numfashi da ke tsayawa idan an kwanta shimfiɗe har sai an tara matasai, waɗannan ukun idan suka haɗu abin da ma'aikacin lafiya zai fara tunani shi ne zuciya ta gaza tura jini yadda ya kamata, ruwa yana taruwa a huhu. Ƙarancin jini mai tsanani da hawan jini na bayan haihuwa su ma suna iya kawo irin wannan. Ba a bambance su da ido a tsakar gida. Sai an auna hawan jini, an duba yawan jinin da ke jikinki, an saurari ƙirji, idan da hali a yi hoton zuciya. Ciwon zuciyar yana jin magani idan an kama shi da wuri, kuma mata da yawa zuciyarsu tana komawa daidai.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi dogon nazari a kansa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda suka ga yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da haki, kuma suka danganta abin da kunun kanwa da tsananin zafin da ake gasa jikin mai jego da shi. Daga baya wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya bai samu wannan alaƙa ba. Abin da ya fi fitowa a nasa shi ne rama, da rashin wadata, da hawan jinin ciki. Saboda haka ba zan ce miki kanwa ce ta kawo miki wannan ba. Abin da babu jayayya a kansa shi ne kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma duk wadda take da kumburi ko hawan jini ko ciwon zuciya, likita zai hana ta gishiri mai yawa. Ki ajiye kanwar. Kunun gero ko na gyaɗa ko na tsamiya zai yi miki abin da ake nema, wato ɗumama ciki da ƙara ruwan jiki, kuma farfesu da gasasshen nama da hanta da wake da zogale sun fi kanwa amfani nesa ba kusa ba wajen mayar da jinin da kika zubar.

Ba na cikin masu cewa a watsar da jego gaba ɗaya. Al'adar da ta ɗauke wa mace girki da shara da ɗibar ruwa har kwana 40, ta ajiye mata mai kula da ita da mai riƙe mata jariri, ta kuma ba ta abinci mafi kyau a gidan, al'ada ce da ta san darajar haihuwa. Gyaran da take bukata kaɗan ne. A surka ruwan wankan har ya zama kina iya tsoma gwiwar hannu a ciki ki bar ta ba tare da kin janye ba. Ana ganin masu jego a asibiti da ƙuna a baya da cinyoyi, wasu kuma jiri ya kwashe su a banɗaki saboda zafi yana buɗe hanyoyin jini, jinin ya sauka, mace ta faɗi. Idan ana fyaɗa ganyen darbejiya ko runhu, kada ya taɓa wurin ɗinki. Shi ɗinkin ƙari zarensa narkewa yake yi da kansa, abin da yake so kawai tsabta da bushewa: ki wanke da ruwan ɗumi daga gaba zuwa baya duk lokacin da kika zaga, ki tsane da ƙyalle mai tsabta, ki riƙa canza ƙunzugu a kai a kai. Zama a cikin ruwa mai ɗumi yana rage zogi, amma zama a tafasasshen ruwa yana dafa naman da ke ƙoƙarin haɗewa. Idan wurin ya kumbura, ko yana fitar da mugunya, ko jinin biƙi ya soma wari, ko zazzaɓi ya zo, ko kuma jinin ya dawo da ƙarfi yana jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, wannan ma na asibiti ne.

Maganar ragwanta kuwa, ki bar ta inda kika ji ta. Haihuwar fari ta gaji jinkiri. Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10 kafin kan jariri ya wuce, kuma kashin farko na buɗewar, wanda ke zuwa da ciwon baya da mara yana tafiya yana dawowa, yana iya cin dare guda ko fiye. Daga lokacin da ya kai santimita 5, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haihuwar fari ba kasafai yake wuce awa 12 ba, nishin kansa kuma yana iya kaiwa awa 3. Abin da kika ba da labari bai fita daga wannan ba. Game da ƙari, ƙa'idar yanzu ita ce ba a yi wa kowace mace shi don kawai haihuwarta ta fari ce, ana yin sa ne idan jariri ya gaji ana son fito da shi da sauri, ko an ga alamar wurin zai yage mummunar yagewa. Ban kasance a ɗakin ba, don haka ba zan yanke hukunci a kan naki ba, amma kina da haƙƙin ki tambayi dalili idan kin koma awon mako 6, kuma yin sa a wannan karo ba ya nufin sai an sake a haihuwa ta gaba.

Abin da ya fi tsaya mini a labarin naƙudarki shi ne daren da kika kwana kina cije leɓe saboda kunyar suruka. An rene mu a kan cewa jarumar mace ita ce wadda ba a jin motsinta sai kukan jariri, kuma ana yaba wa wadda ta haihu ita kaɗai a ɗaki. Ke Allah ya taƙaita. Waɗanda kan jariri ya tokare musu suka kwana biyu suna dauriya, da yawansu su ne ke kwance a cibiyar yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina da makamantanta, saboda naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa mutuwa yake yi idan kan jariri ya daɗe yana danne shi. Na faɗi wannan ne saboda dauriyar da ta hana ki magana a daren naƙuda ita ce ta sa kika ɓoye tari da haki a ƙarshen wasiƙa.

Sai batun dakashi. Ya wuce, kuma kada ki sa wa ranki damuwa a kansa, amma ki sani don gaba, ki kuma faɗa wa ƙannenki. Wannan ruwa mai kauri mai launin ɗorawa ba gurɓataccen nono ba ne. Yana ɗauke da garkuwar da uwa ta tara a jikinta, yana shafe hanjin jariri ya kare shi daga ƙwayoyin cuta, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko. Ƙanƙantarsa ba aibu ba ce, domin cikin jariri a ranar farko 'yan cokula ƙanana ne ke cika shi. Shi ya sa ake son a ɗora jariri a ƙirjin uwa ya kama nono cikin awar farko, kuma tsotson nasa yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Tahniki da ake yi da dabino, wato a shafa ɗan abin da aka tausasa a dasashin jariri, abu ne na sau ɗaya, ba ciyarwa ba ne, kuma bai kamata a mayar da shi hujjar hana yaro nono kwana uku ba.

Ruwan da ake ba shi da cokali shi ne abin da za a daina yau. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda ke fara fitowa a kowane shayarwa tsinkakke ne da ke kashe ƙishi kafin mai kaurin ya biyo baya, don haka ko a zafin watan Afrilu yaron da ke shan nono yadda yake so ba ya bukatar ƙari. Ruwa yana cika masa ɗan cikinsa ya rage tsotso, tsotso idan ya ragu nono ya ragu, ga kuma gudawa da ke shigowa ta cokali da kofi. Nono zalla har wata 6, sannan a fara haɗawa da abinci. Idan Mama tana son albarkar zamzam ta isa ga jikanta, ta ba ki ke ki sha. Yadda za ki san yana ƙoshi kuwa ba sai kin matsa nono kin duba ba: yana kamawa sau 8 zuwa 12 a dare da rana, yana jiƙa ƙyallensa aƙalla sau 6, fitsarin ba ja ba ne, kuma zuwa mako biyu ya mayar da nauyin da ya rage a kwanakin farko. Ki lura da yadda yake kamawa. Cikinsa ya manne da naki, bakinsa ya buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, kuma ya haɗa da baƙin da ke kewaye, ba kan kaɗai ba. Idan ya kama daidai za ki ga kumatunsa a cike, ki ji sautin haɗiya a hankali, kuma kan nono ba zai tsage ba.

Gashin cibiya ba ya hana ta tsini. Cibiyar da ke ɓullowa idan yaro yana kuka, ƙofa ce a naman ciki da ba ta gama rufewa ba, kuma mafi yawansu suna rufewa da kansu a shekarun farko ko an gasa ko ba a gasa ba. Abin da tsumma mai zafi da kasko da man goge baki da man zafi ke yi shi ne ƙona fata da shigar da ƙwayar cuta ta hanyar da ta miƙe zuwa jinin jariri. Cibiya tana faɗuwa da kanta tsakanin kwana 5 zuwa 15. Abin da aka amince a shafa mata a Najeriya shi ne man kulohezidin, wanda jihar Sakkwato ta fara rabawa ga masu haihuwa a gida a 2013, kuma a cibiya kawai ake sa shi, ba ya kusantar ido. Tunda tasa ta faɗi, a bar wurin a bushe. Idan kewayen ya yi ja, ko yana wari, ko yaron ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi, ko numfashinsa ya yi sauri, a ɗauke shi a tafi. Ki kuma duba katinsa ki tabbatar an yi masa rigakafin haihuwa guda uku, wato BCG ta tarin fuka, da ɗigon shan inna, da ta ciwon hanta, sannan a koma a mako 6, da 10, da 14.

Kukan dare da kika ce kin kasa gaya wa kowa, mata da yawa sun yi shi, kawai dai ba a faɗa. Bayan fitar mabiyiya sinadaran da suka riƙe ciki suna sauka gaba ɗaya, ga rashin barci, ga ciwo, ga ɗaki cike da 'yan barka kowa da nasa umarnin. Yakan fara ne a kwana na 3 zuwa na 5, ya lafa cikin mako biyu. Shi ma son ɗa ba kowace uwa yake sauko wa a ranar farko ba, wata sai a hankali, kuma al'adarmu ta kunyar ɗan fari, wadda ke hana ki kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban manya, ba ta sauƙaƙa abin ba. Ki riƙa samun lokacin da daga ke sai shi, ki kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata. Amma idan mako biyu suka wuce abin yana ƙaruwa, abinci ya fita ranki, barci ya ƙi zuwa ko da yaron yana barci, ko kina jin ba ki da amfani, ko tunanin cutar da kanki ko shi ya taɓa zo miki, to ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana da magani, kuma ki faɗa wa likitan da zai duba ƙirjinki. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Ba na ba ki shawarar ki yi jayayya da Mama. Abin da aka yi mata ne take yi miki, kuma da ƙauna take yi. Ki roƙe ta ta raka ki asibiti, ta shiga ɗakin likita tare da ke, ta ji da kunnenta, domin maganar da ba za ta karɓa daga bakin 'yarta ba za ta karɓe ta daga bakin babbar nas mai furfura. Idan akwai gwaggo ko yayarta da take jin maganarta, ki bi ta nan. Maigidanki kuma ya daina tsayawa a zaure yana aiko da gaisuwa, shi zai kawo mota ya biya kuɗin hoton.

Tambaya

Hajiya, barka da aiki. Matata ta haifi ɗa namiji kwana 5 da suka wuce, haihuwarmu ta fari, a gidan likita, kuma lafiya lau aka sallame su. Tun jiya na ga idonsa ya yi ɗorawa. Tsohuwata ta ce shawara ce, a riƙa shanya shi a hantsi ana ba shi ruwan gulukos. Sannan wanzami zai zo gobe ya cire masa beli kafin suna. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

*Daga wani magidanci a Maraɗi*

Amsa

Malam, Allah ya raya, kuma hankalinka ya yi daidai da bai kwanta ba. Fiye da rabin jarirai suna yin shawara a makon farko, saboda hantarsu ba ta gama ƙwarewa wajen fitar da sinadarin da ke fitowa daga tsofaffin ƙwayoyin jini ba, kuma yawancinta tana bayyana a kwana na 2 ko na 3 ta wuce cikin mako biyu. Matsalar ita ce ido ba ya iya raba mai sauƙi da mai haɗari, musamman a baƙar fata. Idan sinadarin ya yi yawa yana hawa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya ɓata ba ya gyaruwa: kurumta, sandarewar gaɓoɓi, yaron da ba ya zama ba ya tafiya. Ka fito da shi hasken rana, ka danna goshinsa ko hancinsa da yatsa ka saki, ka duba dasashinsa, sannan ka bi ƙirji da ciki har tafin hannu da tafin ƙafa. Shawara daga kai take farawa tana sauka, don haka idan ta kai ciki ko tafuka, ko yaron ya cika barci, ko ya ƙi nono, ko kukansa ya zama siriri mai ƙara, ko yana banƙarewa, ba a jiran gari ya waye. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, ku koma gidan likitan yau a auna jininsa. Maganinta fitila ce mai shuɗin haske da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinta an rufe masa ido, idan ta yi tsanani kuma a canza masa jini. Hantsi ba ya maye gurbin fitilar, gulukos kuma yana hana shi nonon da ke taimaka masa ya fitar da abin ta kashi.

Ka kuma buɗe akwatin kayan jaririn ka shinshina. Idan akwai kafur a ciki, a fitar da shi a wanke kayan duka, a kuma daina shafa masa man zafi. Akwai yara, maza sun fi yawa a cikinsu, da ake haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, waɗanda kafur ke farfasa musu ƙwayoyin jini ya jefa su cikin shawara mai tsanani, kuma wannan gado ya yawaita a Afirka ta Yamma.

Beli kuwa halitta ce, kowa da shi aka haife shi, ba ya toshe maƙogwaro kuma ba ya hana tsotso. Yanke shi yana jawo zubar jinin da jariri ba shi da rarar da zai zubar, da ciwon da ke hana shi kama nono, da cututtukan da ke bin ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi. A jaririn da ke da shawara haɗarin ya ninka. Kai ne uba, kuma a wannan wurin maganarka ce ke tsayawa. Ka sallami wanzami da mutunci, ka ce ya dawo ranar suna ya yi aski da sabuwar reza da za ka saya da kanka.

Tambaya

Anti, cikina na fari ya shiga wata 9. An haɗo mini maganin zaƙi an ce in riƙa sha don naƙuda ta zo da sauƙi. Shin in sha? Kuma yaushe ya kamata in tafi asibiti, tunda an ce idan aka je da wuri korowa ake yi?

*Daga wata mai juna biyu a Jos*

Amsa

Ƙanwata, kada ki sha. Ruwa mai yauƙi da ke fita a ƙarshen ciki, wanda ake kira zaƙi, ba cuta ba ce da sai an wanke ta, alama ce ta bakin mahaifa yana laushi yana shiri, kuma shan rake ko lemo ba shi ne ke tara shi ba. Jiƙe-jiƙen da ake haɗawa babu wanda ya san ƙarfinsu. Wasu gudawa suke sawa su bar mace a galabaice kafin aikin ya zo, wasu kuma suna murɗa mahaifa da ƙarfi alhali ƙofa ba ta buɗe ba, jariri ya gaji a ciki, wani lokaci mahaifar ta tsage. Ko ruwan naƙuda na asibiti da ɗigo ake ƙirga shi, nas tana tsaye tana sauraron bugun zuciyar jariri.

Ki tafi idan ciwon ya daidaita yana zuwa kamar kowane minti 5, yana ƙara ƙarfi, kuma ba ya lafawa ko kin kwanta ko kin yi tafiya. Idan gidanku da nisa, ko dare ne da samun abin hawa ke wuya, ki tafi kafin haka, domin a ce miki ki zagaya ki dawo ya fi ki haihu a hanya. Amma akwai abubuwan da ba a ƙirga musu minti: fashewar faya ko da babu ciwo, musamman idan ruwan kore ne, da zubar jini, da raguwar motsin jariri, da ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi ko kumburin fuska, wanda shi ne ke gabatar jijjiga, kuma masu cikin fari sun fi kowa haɗuwa da ita.

Tun yanzu ki haɗa jaka da katin awo, da zannuwa masu tsabta, da audugar mata, da hula da safar jariri, domin ba a so a yi masa wanka sai bayan awa 24, goge shi ake yi a lulluɓe shi a jikinki. Ku tsayar da mai abin hawan da za a kira ko da tsakar dare, ku san rukunin jininki da ɗan'uwan da zai bayar idan an bukata. Sannan ki nemi maigidanki ya faɗa a gaban mahaifiyarsa cewa ya ba ki izinin tafiya asibiti duk lokacin da abin ya taso, ko yana gari ko ba ya nan.